Daga Bola Zuwa Aji: Fodkas Zai Iya Koyar Da Yaranmu Sha'anin Shara?

An kaɗa ƙararrawar komawa aji bayan hutun tara. Masu tallar awara da ɗanwake da gullisuwa sun fara haɗa robobinsu a bakin ƙofar makaranta, yara na rige-rigen shiga aji kafin malamin horo ya fito da bulala. Abin da ya rage a fili shi ne ledojin fiya wata da aka tsotse aka yar, da fararen ledojin awara masu maiƙo, da ɓawon rake, da takardun biskit. Akuyar maƙwabta ta shigo ta inda katanga ta rufta tana lasar gishirin jikin leda, daga lasa sai haɗiya.

Can wajen azahar maigadi zai share, ya tara a bayan ajujuwa, ya ƙyasta ashana. Hayaƙin ya bi taga ya shiga ajin da wataƙila a daidai lokacin malamin kimiyya ke rubuta ma'anar gurɓatar iska a kan allo, da Turanci, ɗalibai na kwafa suna tari.

Ba sai an kama sunan makaranta ba. Duk wanda ya san makarantun gwamnati a Kano ko Zariya ko Gusau, ko takwarorinsu na Maraɗi da Damagaram, ya san wannan. Darasin muhalli na cikin manhaja, ana koyar da shi, ana yin jarrabawa a kansa, ana ma ci. Amma da ƙyar yake ƙetare ƙofar aji.

Irin wannan matsala ce ta sa malamai a ƙasashe da dama suka koma jarraba fodkas, wato shirin sauti da ake ɗorawa a intanet, mutum ya sauke a wayarsa ya saurara sa'ad da ya ga dama. Wasu na kunna wa ɗalibai shirin da ƙwararru suka yi. Wasu kuwa ɗaliban suke sawa su haɗa nasu. Na biyun ne ya fi dacewa da mu, kuma shi ne ya fi arha, ko da yake mutane na ɗaukar akasin haka.

Sharar da ta sauya hali

A da, shara dukiya ce a ƙasar Hausa. Masanin labarin ƙasa ɗan Ingila Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano, ya yi nazari a shekarun 1960 kan ƙauyukan da ke kewaye da birnin Kano, inda ake noma gona ɗaya shekara da shekaru ba a barin ta ta huta. Wani ɓangare na sirrin shi ne jaki. Da safe ya shiga birni da itace, da yamma ya fito da mangala cike da taki: toka, kashin dabbobi, sharar tsakar gida. Abin da birni ya zubar shi gona ke ci, abin da gona ta haifa shi birni ke ci.

Har yau manoma na sayen sharar birni da tifa, musamman yanzu da buhun takin zamani ya yi tsada. Sai dai sharar ba ta nan yadda aka san ta. Cike take da leda, da fasassun kwalabe, da matattun batura, wani lokaci har da allurar asibiti. Manomi sai ya sa yara sun tsince, ko ya banka mata wuta kafin ya baza.

A duniya ana samar da roba sama da tan miliyan 400 a shekara, kuma abin da ake sake sarrafawa bai kai kashi 10 cikin 100 ba. A Najeriya ana ƙiyasta sharar roba da kusan tan miliyan 2.5 a shekara. Ledar fiya wata kaɗai, wani ƙiyasi da ake yawan ambata ya kai ta wajen miliyan 60 a kullum.

Inda take zuwa ba ɓoyayye ba ne. Tana toshe kwata da kwalbati, ruwan sama ya rasa hanya ya faɗa gidajen mutane. Kududdufan da a da suke shanye ruwan unguwa an cike da yawansu da shara an yi gini a kai. Ruwan da ya kwanta ya zama gidan sauro, wanda ya haɗu da bahaya ya gangara rijiya ya kawo amai da gudawa. In an ƙona ta kuma, hayaƙinta na ɗauke da guba irin su dayoksin, masu illa ga huhu da sauran sassan jiki. Mahauta kuwa sun daɗe suna ciro dunƙulen leda daga tumbin shanu da tumaki, dabbar da ake ta ba dusa tana ramewa ba a san dalili ba.

Duk wannan ba ya cikin 'yan layukan da yaro ke kwafa daga allo. Littafin zai ce masa akwai gurɓatar iska da ta ruwa da ta ƙasa, ya haddace, ya rubuta, ya wuce.

Kunne ya riga ya saba

Idan akwai al'ummar da ba sai an koya mata sauraro ba, to Hausawa ne. BBC ta fara watsa shiri da Hausa a 1957, Muryar Jamus ta biyo baya a 1963, Muryar Amurka a 1979, Rediyon Faransa a 2007. Mai shayi da mai faci da makiyayi kowa da akwatinsa. Almajiri ma da kunne yake fara ɗaukar karatu kafin ya iya wanke allo ya rubuta da kansa.

Koyarwa ta rediyo ita ma tana da tarihi. A 1974 masana daga Jami'ar Stanford suka fara koyar da lissafi ta rediyo a Nikaragwa, da wata dabara mai sauƙi: mai gabatarwa ya yi tambaya, ya yi shiru na ɗan lokaci, yaran aji su amsa da baki, sannan ya ci gaba. Dabarar ta bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka. A nan gida, Hukumar Ilimin Makiyaya ta daɗe tana isar da saƙo ga rugage ta shirin Don Makiyaya a Ruga a Rediyon Najeriya Kaduna. Muryar Jamus ta yi Ji Ka Ƙaru, wasannin kwaikwayo na matasa da suka taɓo har da batun muhalli.

Sai annobar korona ta zo a 2020, aka rufe makarantu, jihohi irin su Kano da Kaduna suka mayar da darasi gidan rediyo. A nan aka ga iyakar rediyo. Darasin na da ƙayyadajjen lokaci. Yaron da aka aika ɗebo ruwa ko yarinyar da ke kan talla ta rasa shi ke nan. Wanda bai gane jimla ba, ba shi da halin cewa a maimaita.

Fodkas ya warware wannan. Malami na iya tsayar da shi a tsakiyar magana ya jefa tambaya, ya mayar da shi baya, ya sake kunna shi gobe ga wani aji. Da an sauke shi sau ɗaya ba ya sake cin data, ana iya tura shi daga waya zuwa waya ta Bluetooth ko Xender, ko a loda shi a katin memori kamar yadda ake loda wa'azi da waƙoƙi a shagon masu caji.

Kayan sauraro da Hausa ma akwai. Sashen Hausa na Rediyon Faransa na da Muhallinka Rayuwarka, shirin noma da muhalli da ake iya saukewa. Jaridar Aminiya na da Najeriya a Yau da Daga Laraba. Manya aka yi wa su, gaskiya ne, kuma yaron aji huɗu ba zai zauna minti ashirin yana jin hirar jami'i ba. Malami ne zai zaɓi minti uku ko huɗu da suka dace ya gina darasi a kansu.

Abin da aka gani a Amurka

A 2014 aka fitar da wani fodkas mai suna Serial, wanda ya bi diddigin wata shari'ar kisan kai a Baltimore, ya kuma ja hankalin miliyoyin mutane. Wani malamin Turanci a wata sakandare a Kaliforniya, Michael Godsey, ya shigar da shi aji a madadin wani ɓangare na littattafan da ya saba koyarwa. Abin da ya ba da labari daga baya ya fi shirin kansa muhimmanci a gare mu: ɗalibansa sun fi natsuwa idan suna sauraro suna bin rubutaccen abin da ake faɗa da ido. Sauraron bai kore karatu ba, jan su ya yi zuwa gare shi.

Gidan rediyon NPR kuma ya buɗe gasar fodkas ta ɗalibai, wadda aka fara ba da kyautarta a 2019. Yara ke zaɓar batu, su yi hira, su haɗa shiri na 'yan mintoci, malami ya tura. Dubban shirye-shirye ne suka shiga tun shekarar farko, da yawansu da wayar hannu kawai aka ɗauka.

Malaman da ke bakin bola

Wa ya fi kowa sanin shara a unguwa? Ɗan gwangwan ne, wanda ke yawo da kura ko buhu yana kiran a kawo tsohon ƙarfe. Ya san bambancin robar da kamfani ke saye da wadda ba ta da kasuwa, ya san kuɗin kilo na jan ƙarfe da na gwangwanin lemo, ya san dillalin da zai kai wa a ɗora a sikeli, da motar da za ta kwashe zuwa masana'anta. Abin da littafin kimiyya ke kira sake sarrafawa, shi da shi yake cin abinci. Amma ba a taɓa gayyatarsa aji ba, sai ma a nuna wa yaro shi a ce in bai yi karatu ba haka zai ƙare.

Bayansa akwai maƙerin da ke narka gwangwani ya zuba tukunya, da mai yanka tsohuwar taya ya fitar da takalmi ko guga, da mai zoɓo da kunun aya da ke sayen gorar ruwan da wani ya yar. Akwai mahauci da dunƙulen ledar da ya ciro. Akwai tsohuwar da ta ga zamanin da ake naɗe ƙosai da alale a ganye, ake zuwa cefane da kwando, ta kuma tuna tsoron da mata ke yi idan aka ce ga duba-gari nan ya shigo leƙa randa.

A raba aji rukuni-rukuni, kowane rukuni a ba shi mutum ɗaya daga cikin waɗannan da tambayoyi biyar da yaran suka tsara da kansu. Su je da malami, ko da wani babba na gida, su gaisa yadda ya kamata, su nemi izini, su ɗauki murya. Su dawo su saurara, su zaɓi abin da za a bari da abin da za a yanke, su rubuta gabatarwa, ɗaya ya karanta. Minti biyar ya isa.

A cikin wannan ɗan aiki yaro ya yi kimiyya, ya yi rubutun Hausa, ya yi lissafi in aka sa shi ƙirga ledojin da aka yar a filin makaranta cikin mako guda ya ninka da makonnin zango. Ya kuma koyi abin da ba ya cikin kowace jarrabawa: tsayawa gaban babba ya ce, "Baba, don Allah yaya kuke gane robar da za ta sayu?" sannan ya yi shiru ya ji amsa.

Za a ce gani ya kori ji, me zai hana a yi bidiyo? Dalili biyu. Shirin sauti na minti goma 'yan megabayit ne, bidiyo mai tsawonsa kuwa ya ninka shi sau da yawa. Na biyu ya fi nauyi: mutanenmu na gudun kyamara amma ba sa gudun magana. Matar aure da ke cikin gida, wadda ita ce ke yanke hukuncin abin da za a zubar da abin da za a adana, ba za ta yarda a ɗauki fuskarta ba, amma za ta yi wa ɗan maƙwabta bayani da murya in maigida ya amince. Ɗan gwangwan da ke jin kunyar a gan shi cikin dauɗa zai saki jiki idan ya san muryarsa kawai za a ji.

Akwai kuma labaran da yara za su iya bibiya daga nesa. A ƙauyen Sabon Yelwa da ke jihar Kaduna an gina gida da gorunan roba da aka ɗura wa yashi a 2011. A Zamfara kuwa, gubar dalma daga dutsen zinaren da ake daka a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400 a 2010, a yankunan Anka da Bukkuyum. Dalmar nan ita ce a cikin tsohon batirin mota da na sola da ake fasawa a bayan gari. Yaron da ya ji labarin Zamfara ba zai ƙara ɗaukar fasasshen batir abin wasa ba.

Aji mai yara ɗari

Malaman makarantun gwamnati na da nasu uzurin, kuma ba na ƙarya ba ne. Ajin da ke da yara ɗari ko fiye, wasu a ƙasa, ba wuta, ba ƙofa, hayaniyar ajin maƙwabta na shigowa, ƙaramar lasifika ba za ta kai layin baya ba. Ba don wasa gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a 2024 ba. Wayar da za a yi aikin da ita ta malami ce, cajin nasa ne, datar ma tasa ce, ga shi a farkon 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kusan rabi. Malamin da albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata ba zai yi farin ciki da sabon aikin da zai fito daga aljihunsa ba.

Shugabannin makarantu su kuma manhaja ce a gabansu. Mai duba aiki in ya zo littafin darasi zai buɗe ya ga ko an kai inda ake so, ba zai tambayi shirin da yara suka haɗa ba. Makarantu da yawa ma sun hana ɗalibai zuwa da waya, saboda satar amsa da abin da ba a rasa ba.

Iyaye na da tasu fargabar. Wa zai bar 'yarsa ta je bakin bola? Akwai fasasshen gilashi da allura, akwai kuma zargin sata da shaye-shaye da ke bin wasu masu jari bola, wanda ya ɓata wa masu gaskiyar cikinsu suna. A Borno lamarin ya wuce haka: gwamnatin jihar ta haramta sana'ar a 2023 bayan kashe-kashen masu shiga daji neman ƙarfe. Ba wanda ya ce a tura yara tonon bola. Ana iya kiran mutumin ya zo harabar makaranta, ko a same shi a rumfarsa, kuma kada a ɗora muryar yaro da cikakken sunansa a intanet ba da yardar iyaye ba.

Sauran matsalolin na da sauƙi fiye da yadda ake zato. Waya ɗaya ta isa aji guda idan rukuni-rukuni ake yi. Lasifika mai caji da ɗan faifan sola ba su fi ƙarfin ƙungiyar iyaye da malamai ba. Sauraro kuma ba dole sai cikin aji ba, gindin bishiya ya fi ɗakin kwano shiru. Makarantun Islamiyya, inda ake koya wa yaro cewa kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ne, sun ma fi kowa samun ƙofar shiga batun.

Bayan an faɗakar, sai ina?

Ba a nan gizo ke saƙar ba. A ce yaro ya ji, ya gane, ya riƙe ledarsa a hannu bai yar ba. Ina zai kai ta? In makarantar ba ta da kwandon shara, unguwar ba ta da wurin tarawa, mota ba ta zuwa kwashewa, to an ɗora masa nauyin da ba nasa ba. Darasin muhallin da ya tsaya ga "kada ka zubar" na koya wa yaro cewa shi ne mai laifi, alhali bai ƙera ledar ba, bai kuma hana famfo kawo ruwan da zai sa a daina sayen na leda ba.

Don haka shirin da yara za su yi ya kamata ya kai ga masu iko. Ruwanda ta haramta leda a 2008. Kenya ta bi sahu a 2017 da hukunci mai tsanani, har da ɗauri. Nijar ta yi dokar hana leda a 2014, amma wanda ya shiga kasuwar Yamai ko Maraɗi ya san baƙar leda ba ta je ko'ina ba. Najeriya ta fitar da manufar kula da sharar roba a 2020, Legas ta haramta robar zuba abinci ta soso a farkon 2024. Me ya sa doka ta kama a wani wuri ta saki a wani? Wannan tambaya ce da ɗan sakandare zai iya kai wa kansila, ko mai unguwa, ko jami'in hukumar kwashe shara irin REMASAB ta Kano, ya ɗauko amsar da bakinsa.

Tun tsakiyar shekarun 1980, zamanin yaƙi da rashin ɗa'a, ake ware safiyar Asabar ta ƙarshen wata don tsaftar muhalli, kuma Kano na cikin jihohin da suka riƙe al'adar. Rukunin ɗalibai zai iya bin layi ɗaya ya ji daga bakin mazauna: sharar da aka yashe daga kwata aka tara a bakin titi, kwana nawa take yi kafin a kwashe, kuma nawa ce ke komawa inda ta fito da ruwan sama na gaba?

Rawar gidajen rediyo

Tun da Freedom Radio ta buɗe a Kano a 2003, tashoshi masu zaman kansu suka yawaita a Arewa, kuma da yawansu na da filin yara a ƙarshen mako, wanda yawanci gaisuwa ce da kacici-kacici. Minti biyar daga cikinsa zai ɗauki shirin wata makaranta. Yaron da ya san kakarsa za ta ji shi a rediyo ba zai yi aikin da wasa ba, jami'in da ya san za a ji amsarsa a gari shi ma zai auna bakinsa.

Amma da zarar shiri ya fita daga aji ya hau iska, ƙa'idar aikin jarida ta hau kansa. In yara sun ce wata masana'anta na zubar da ruwan jima a rafi, dole malami ya tabbatar sun gani da idonsu, kuma an ba masana'antar damar ta faɗi nata. Garin da ya saba da sojojin baka ba zai rasa ɗan siyasar da zai so ya ari muryar yara ya soki abokin hamayya ba, don haka editan tasha da shugaban makaranta su saurari kowane shiri tare kafin a saka shi.